Dodo Ya Ƙi Hoto

 Sharhinmu na yau a kan Dodo ne. Ee, Dodon nan dai na tatsuniya, wanda aka riƙa kora mu ɗaki da sunansa muna yara. Kusan duk al'ummar da ta samu silima da talabijin ta ɗauko dodanninta ta zuba a ciki, har wasunsu suka zama hajar sayarwa a kasuwannin duniya, amma namu har yau yana bakin ƙofa. Zan yi maganar ne fuskata na duban gabashin Sakkwato, ƙasar Gobir, daga Isa zuwa Sabon Birni, zuwa Tsamaye da ƙauyukan bakin iyaka, saboda wani dalili da za mu iso gare shi.

Mu fara da tuna ko wane ne shi. A gidajen Gobir, kamar sauran ƙasar Hausa, ba a gatana da rana. An faɗa wa yara cewa mai yin ta da rana ɓata yake yi. Sai an ci tuwon dare, an yi lisha, an baza tabarma a tsakar gida, kaka ta jingina da gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Sai ta ɗauko labarin mace mai ciki da ta je gulbi ɗibar ruwa, ta cika tulu, ta duba gabas ta duba yamma ba mai aza mata. Ruwa ya dare, Dodo ya fito, ya ce shi zai aza mata, amma da sharaɗi: abin da ke cikin nan, in namiji ne abokinsa ne, in mace ce matarsa ce. Matar ta ce ta yarda, don rana ta take, gida da nisa, haihuwa kuma ai ba yau ba ce. A nan kaka kan dakata, ta hure ɓawon gyaɗa daga tafin hannunta, ta bar yara da zullumi. Ba a rasa wani ƙarami da zai ce, "Kaka, ƙaƙa Dodo shike?" Ita kuwa amsarta ɗaya ce: "Kai dai Allah shi hana ka ganin shi. Matso nan kusa."

To, a wannan amsa gwanintar take. Kaka ba ta taɓa zana Dodo ba. A wata gatanar a ce gashi gare shi buzu-buzu, a wata a ce yana da wutsiya, a wata a ce ya haɗiye garken shanu da makiyayinsu bai ƙoshi ba, a wata kuma Dodanniya ce ta rikiɗe ta zama kyakkyawar budurwa ta shigo gari neman miji. Sauran aikin yaro ne zai ƙarasa a cikin kansa, da irin duhun da ya fi tsoro. Yara goma a kan tabarma, Dodo goma, kuma kowanne daidai da zuciyar mai shi.

Ba yau aka fara ɗauke Dodo daga bakin kaka ana kai shi wani wuri ba. Littattafan nan uku na Frank Edgar, Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, da suka fito tsakanin 1911 da 1913, kaso mai yawa na abin da ke cikinsu malaman Sakkwato ne suka rubuta da ajami, Razdan Burdon ya tara ya miƙa masa. A 1913 ɗin nan Tremearne da Rattray su ma suka fitar da nasu. Daga baya marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya kawo Tatsuniyoyi da Wasanni cikin makarantun boko, Bukar Usman kuma ya tattara Taskar Tatsuniyoyi. Har ma fatake sun kai shi ƙasar Mosi: a Wagadugu akwai wasan yara na watan azumi da ake kira Dodo, suna sa fuskokin dabbobi suna bin gidaje kamar tashenmu, kuma mutanen can da kansu suna cewa Hausawa suka kawo musu shi. Takarda ba ta cuci Dodo ba, don mai karatu shi ma da idon zuci yake gani. Kyamara ce ta zo da sabuwar matsala, ita dole sai ta nuna.

Ku dubi abin da ya sami dodannin Turawa. A 1818 Mary Shelley ta fitar da littafin Frankenstein, labarin wani ɗalibin kimiyya da ya harhaɗa gawa ya busa mata rai, sannan ya tsorata ya gudu ya bar abin da ya ƙera. A cikin littafin, halittar nan tana magana da fasaha, tana karanta littattafai, tana tuhumar mai ƙera ta da rashin tausayi. Da Amurkawa suka mayar da shi fim a 1931, suka sa Boris Karloff, sai suka ƙwace masa harshe, suka ba shi shafaffen kai da ƙusoshi a wuya, yana tafiya yana gurnani. A shekarar nan dai Bela Lugosi ya fito a matsayin Dracula, mai shan jinin nan na littafin Bram Stoker na 1897. An ji tsoro, ba a ce ba a ji ba. Amma zuwa 1964, a shirin talabijin na The Munsters, mai ƙusa a wuyan nan ya zama maigida mai iyali, wawan uba da ake yi wa dariya. Zuwa 1972 kuwa an ɗinka ɗan tsana mai kamar Dracula a shirin yara na Sesame Street, aikinsa koya wa yara ƙirga ɗaya, biyu, uku. Hausawa sun riga sun gama maganar: ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Talabijin kuwa sana'arsa ke nan, ya nuna maka abu yau, ya nuna maka gobe, mako-mako har shekara.

Masu wayo a cikin masu shirya fim sun gane haka. Lokacin da Steven Spielberg ke ɗaukar fim ɗin Jaws na 1975, kifin ƙarfen da aka ƙera masa ya yi ta lalacewa a cikin ruwan teku. Dole ta sa ya rage nuna shi, ya koma nuna saman ruwa, da ƙafafun masu iyo, da wani kiɗa mai bugun zuciya. Sai ga shi lalacewar inji ta zama alheri, mutane suka riƙa tsoron shiga ruwa saboda abin da ba su gani ba. Dabarar kaka ce, ya biya kuɗi masu yawa kafin ya gano ta.

Mu a nan, dodon da ya fara cin kasuwarmu ta allo ɗan Indiya ne. Manya za su tuna fim ɗin Nagin na 1976, macijiyar da ke rikiɗa mace tana bin waɗanda suka kashe mata miji ɗaya bayan ɗaya, sai Nagina na 1986 da Sridevi ta fito. A 2015 tashar Colors ta mayar da labarin shiri mai dogon zango, Naagin, ana gama zango ana buɗe wani. Yau ga masu fassara a Kano, irin su Algaita, sun sa wa 'yan Indiya Hausa a baki, har da karin magana da zagin wasa. Indiyawa ba su ji kunyar macijiyarsu ba. Sun yi mata ado, sun ba ta waƙa, sun sayar mana, mu da muke da Dodanniya mai rikiɗa tun kafin a ƙera kyamara.

Ba wai namu ba su taɓa gwadawa ba. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da Magana Jari Ce ta Abubakar Imam wasan kwaikwayo, mutane suka riƙa taruwa a gidan mai akwati don kallo. Bayan fim ɗin Turmin Danya ya buɗe harkar fim ɗin bidiyo a Kano a 1990, kamfanin Sarauniya ya ɗauko tatsuniyar Daskin da Riɗi a ƙarshen shekarun nan ya yi fim da ita, kuma ya karɓu. Amma ku lura da wadda aka zaɓa: tatsuniyar saurayi da 'yan mata da neman aure, wadda za ta ɗauki waƙa da rawa. Ƙofar da aka buɗe ke nan, soyayya ta shige ta cika ɗakin. Yau ga Arewa24 tun 2014, ga Daɗin Kowa, ga Kwana Casa'in, ga Labarina, ga tarin shirye-shirye a YouTube, ana taɓa siyasa, ana taɓa zaman aure da gado da kishi. Dodo dai shiru.

Abin da ya maye gurbinsa shi ne aljani da boka. Ku je kowace rumfar cajin waya a kasuwannin yankin nan, inda janareto ke kuka, wayoyi jere a kan katako kowacce da lambarta. Yaro ya miƙa memori ya ce a tura masa "na tsoro". Su koma gindin bango su biyar, kai a haɗe a kan waya ɗaya mai fasasshen gilashi. Ga abin da za su gani: an shafa wa wani farar hoda a fuska, an yafa masa farin yadi, an ja masa baƙin kwalli har kunne, an sa wa muryarsa amsa-kuwwa yana ta ƙyaƙyata dariya. Ga boka cikin jan ƙyalle da ƙwarya a gabansa. Can sai wata jar wuta ta kwamfuta ta fito daga tafin hannu, mutum ya ɓace bat, amma inuwarsa na nan a ƙasa an manta ba a goge ba. Yaran su kwashe da dariya, ɗaya ya ce a mayar baya a sake gani.

Dariyar ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne musanyar da aka yi, don Dodo da aljani ba ɗaya ba ne. Tatsuniya da bakinta take cewa ita ƙarya ce. Mai yin ta in ya kai ƙarshe yakan ce ba don Gizo ba da ya yi ƙarya, kowa ya tashi ya san wasa aka yi. Yaro ya ji tsoro, ya ga an kashe abin tsoron, ya yi barci. Aljani kuwa da maita da sammu abubuwa ne da mai kallo ya yarda suna nan a unguwarsu. Fim ɗin da ya nuna kishiya ta je wurin boka, ko tsohuwa ta kama kurwar yaro, in an kashe waya ba ya ƙarewa. Yana bin mai kallo har gida, ya sa shi kallon tsohuwar maƙwabta da wani ido. Masu fim na kudu sun daɗe a wannan hanya tun Nneka the Pretty Serpent a shekarun 1990, mu ma muka bi sahu. Shi kuwa Dodo, duk muninsa, bai taɓa sa an zargi kowa ba. Ba ɗan gidan kowa ba ne.

In ka tambayi masu sana'ar, za su ce kuɗi ne babu, Dodo sai da na'urori irin na Amurka. Ban karɓi wannan uzuri ba, kuma labarin kifin ƙarfen nan ya isa amsa. Ina ganin raini ne. An ɗauki tatsuniya abin mata da yara, abin ƙauye, ba ta kai a sa mata jari ba.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce fuskata na duban Gobir. Ku sake sauraron abin da Dodo yake yi a gatana, ku bar kamanninsa. Kullum a kan abin da mutane ba su iya rayuwa sai da shi yake zaune: gulbi, rijiya, mashigi, hanyar daji. Kuma ba kasafai yake faɗa wa mutum haka kawai ba, ciniki yake yi. Zan bar ka ka wuce, zan bar ki ki ɗebi ruwa, amma ga abin da za a ba ni. Ko macijin rijiyar Kusugu a Daura, a labarin Bayajida, ai bai hana ruwa ɗungurungum ba, rana ɗaya ya ware a mako. Mutane kuma su saba, su riƙa biya, har biyan ya zama al'ada, har a manta an taɓa zama ba a biya.

Wanda ke zaune a Sabon Birni ko Isa a shekarun nan ba ya bukatar a fassara masa wannan. An ɗora wa ƙauyuka haraji kafin su yi shuka, an sake ɗora musu kafin su girbe. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da waɗannan biyun. A watan Disamba na shekarar aka tare motar matafiya a wajen Gidan Bawa aka cinna mata wuta, mutum fiye da 20 suka ƙone. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanya, ya rasu a hannun waɗanda suka kama shi. Dubban mutane sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da na gudun hijira gidajensu. A garin da ake kwana da kunne ɗaya a buɗe, ko ake barin gida a kwana a daji, wa zai baza tabarma a tsakar gida ya yi gatana? Daren ma da ake yin ta a cikinsa an ƙwace.

Wani zai ce, to mutanen da ke cikin wannan hali me za su yi da labarin Dodo, tsoron gaske bai ishe su ba? Sai in ce a duba Japan. A 1954, shekara tara bayan bam ɗin Hiroshima da Nagasaki, kuma 'yan watanni bayan ƙurar gwajin bam na Amurka ta zuba a kan wani jirgin masuntansu, kamfanin Toho ya fitar da Gojira, wanda duniya ta sani da Godzilla: wani ƙaton dodo da gwajin bam ya taso daga ƙarƙashin teku ya tattake birnin Tokyo. Mutum ne fa a cikin rigar roba yana taka gidajen kwali. Amma waɗanda suka shiga silima sun ga asibitoci cike da ƙonannu, sun ga uwa rungume da 'ya'yanta a cikin wuta, sun san abin da ake nufi. Abin da baki ya yi nauyin faɗa, dodo ya faɗa musu. Daga baya shi ma talabijin da 'yan kasuwa suka lallashe shi ya zama abokin yara, amma na farkon ya yi aikinsa.

Ba ma sai mun je nesa ba. A Nijar, a 1973, ana tsakiyar farin nan da ya kashe dabbobi ya tarwatsa garuruwa a Sahel, Moustapha Alassane tare da Anna Soehring suka yi fim ɗin Toula daga wani labarin gargajiya da Boubou Hama ya rubuta. Ruwa ya ƙafe, boka ya ce wa sarki sai an ba macijin tafki budurwa, saurayinta ya bazama neman ruwa don ya cece ta, ya dawo da albishir ya tarar an riga an miƙa ta. Wannan mutum, wanda ya yi zamansa a Tawa har ya tsufa, ba shi da kuɗin Amurka. Yana da labarin kakanni, yana da fari a gabansa, ya haɗa su.

Mu kuwa da muka bar gurbin a buɗe, wasu sun cike mana shi. Dodon da yaran yankin nan ke kallo a waya yau shi ne mai rawani da bindiga a kafaɗa, zaune a gindin itace yana ɗaukar kansa bidiyo, yana barazana, wani lokacin yana baje kuɗi a TikTok. Ba zan kira sunan kowa ba, an kira su ya isa. Ana tura bidiyon daga waya zuwa waya, ana ƙara masa gishiri: harsashi ba ya cin sa, yana ɓacewa, an gan shi wuri biyu a dare ɗaya. Duk kayan Dodo an kwashe an yafa wa ɗan Adam. Wannan kuwa riba ce gare shi, don rabin ƙarfinsa a bakinmu yake. Kuma akwai ɓarna ta biyu: ranar da ka ce mutum dodo ne, ka daina tambayar wa ke sayar masa da harsashi, wa ke kai masa mai da burodi, wa ke karɓar shanun sata, wane zalunci ne ya fara tura shi daji, wace kotu ce za ta yi masa shari'a. Dodo ba a kai shi kotu. Waɗannan mutane ne, suna da uwa da uba, suna jin yunwa, suna zazzaɓi. Shi ya sa nake son Dodo ya koma mazauninsa na tatsuniya da fim, inda za a yi maganar ciniki da tsoro da haraji a fakaice, ba tare da an ƙara wa wani mai rai tsawo ba.

Kuma in masu kyamara sun ƙi, mu masu akwatin rediyo ba mu da uzuri. Rediyo ce 'yar'uwar kaka ta kusa, murya ce ba hoto. Lokacin da aka rufe layukan waya, ita ce ta rage a hannun mutane, daga Rima Rediyo har tashoshin Maraɗi da ake kamawa a bakin iyaka. Da ganga ɗaya, da ƙwarya a cikin ruwa, da mai murya mai kauri, an gama Dodo. Tsofaffin da suka iya gatanar nan kuwa suna nan da ransu, wasu a garuruwansu, wasu a sansanonin gudun hijira, ba wanda ya je da na'urar ɗaukar magana ya zauna gabansu.

Da za a ba ni zaɓi, da tatsuniyar Auta zan fara. Gari ne da Dodo ke zuwa kowane dare yana ruri, kowa ya kulle ƙofa tun magariba, har sarki da dakarunsa. Sai ga baƙon yaro da yayarsa sun sauka a gidan wata tsohuwa. Ya ƙi shiga ɗaki. Ya hura wuta, ya zuba duwatsu a ciki har suka yi ja, da Dodo ya iso ya wage baki sai ya riƙa jefa masa su ɗaya bayan ɗaya yana haɗiyewa, har ya faɗi. Yaron ya cire takalmansa ya bari a kan gawar, ya koma ya kwanta. Mai shirya fim zai so wurin duwatsun nan, wuta da ruri da faɗuwa. Ni kuwa wurin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wayewar gari, da aka ga Dodo a miƙe, sarki ya ce a nemo mai takalmi. Nan fa manyan gari, waɗanda jiya suka tokare ƙofa da turmi, suka yi layi, kowa na cusa ƙafarsa yana rantsuwa nasa ne, cewa yake kumburi kawai ƙafar ta yi saboda fafatawar daren jiya. Wannan fage ba ya bukatar kwamfuta ko kaɗan, kuma 'yan wasan da za su iya shi sun yi mana yawa.